Ranar da Aka Yi Jere da Kayana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi wa amarya jere da kayana a Dingaya ba, kuma ko ni na so in manta, matan garin ba za su bari ba.

Sana'ata gyaran inji ce. Injin niƙa, injin ban-ruwa, janareta, duk abin da ke shan mai yana tari ni ake kira. Aikin ba na zama wuri ɗaya ba ne. Yau ina Unguwar Ya, gobe an kira ni Sara, jibi wani ya aiko cewa injinsa ya tsaya a bakin fadama can cikin Gwaram. Da farko ina da ɗakin haya a Birnin Kudu, sai na lura ɓeraye sun fi ni kwana a cikinsa. Na saki ɗakin, na sayi wata tsohuwar bas da ta gama yi wa masu ita bauta a hanyar Kano, na gyara injinta da hannuna, na tare a cikinta. (Kada wani ya ji tausayina. A lokacin gani nake duk Jigawa babu wanda ya kai ni wayo.)

Matsalar zama a mota ɗaya ce, wato wuri. Ban cire kujerun ba, domin ranar kasuwa nakan ɗan ɗauki fasinja, da dare kuma in kwantar da layi biyu su zama gado. Saboda haka dole kayana su sami inda za su shige ba tare da an gan su ba. Nan na zama mahaukacin auna lungu. Duk inda na ga sarari, ko da na tafin hannu ne, sai na ciro tef. Na sa kafinta ya rufe ƙarƙashin kowace kujera da falanki mai ƙofa. Na sauke silin kaɗan na yi wani siririn kanta a sama, inda nake cusa 'yar katifata da gidan sauro. Na ɗaga daɓen baya na yi rami mai murfi, na shimfiɗa leda a kai. Har jikin ƙofofi na farke na yi musu aljihu.

Amma dabarar da na fi ji da ita ita ce ta bokitai. A kasuwar Sara na sayi bokitan roba masu murfi, jajaye da shuɗaye, irin waɗanda ake zuba wa amare cincin. Ƙura ba ta shiga, ɓera ba ya shiga, kuma suna zamewa ƙarƙashin kujera tamkar don ita aka yi su. Wannan na sutura, wannan na kayan wanki, wannan na garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, wannan na ƙarafan aiki. Ƙaramin abu kuma cikin babba yake kwana: safa cikin kofi, kofi cikin tukunya, tukunya cikin bokiti. Idan na rufe komai na share, ko ɗan sanda ya leƙo ba zai ce ɗan Adam na kwana a ciki ba.

Ana cikin haka na haɗu da Saudatu. Injin niƙan mahaifinta, Malam Sale, na je gyarawa a Sara, aikin rabin yini, na mai da shi na kwana da kwanaki. Magana ta yi nisa har manyana sun je gaisuwa, ana cewa idan an gama kaka za a sa rana. Da aka tambaye ni inda nake zaune na ce Birnin Kudu. Ba tsagwaron ƙarya na yi ba dai. Ina da fili a can, ginin ya kai taga ya tsaya yana hutawa, kuma idan ina gari a gefensa nake ajiye motar. Niyyata sai na yi rufi sannan in ba Saudatu labarin zaman mota, mu yi dariya tare.

Mutum ɗaya ce ta hana ni sakin jiki, Gwaggo Asabe, yayar Malam Sale. Ita ce mai yanke magana a gidan. Ko tunkiya Malam Sale zai sayar sai ya ji ta bakinta, balle 'ya. A kaina ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Idan na durƙusa ina gaishe ta sai ta riƙa yi min irin kallon da ake yi wa atamfar da ake zargin za ta zuba. Na san sarai idan Gwaggo ba ta yarda da ni ba, babu rana babu Saudatu, shi ya sa nake ta neman hanyar da zan burge ta.

Hanyar ta zo da bikin Rabi, 'yar ƙanin Malam Sale, wadda za a kai Dingaya. Ranar jere a-kori-kura ta yi gaba da gado da kujeru da kabad. Aka bar tulin kwanuka da tukwane da labulaye da bokitan cincin da dubulan a ƙofar gida, ga kuma matan da za su je su jera. Motar da aka yi magana da ita ba ta zo ba. Gwaggo na tsaye ta riƙe ƙugu tana faɗa da iska, sai ga ni na faka.

"Gwaggo, ai ba sai an jira kowa ba," na ce. "Sawu ɗaya zan kwashe ku, ku da kayan."

Ta dubi motar, ta dube ni. "A wannan akwalar? Kai ɗan nan, rana tana yi, ba na son wasa."

Da ina da hankali, da na ce to sawu biyu, magana ta ƙare. Ina! Sai na zagaya na buɗe ƙofa kamar mai tallan magani a kasuwa. Na ja falankin ƙarƙashin kujera, mata suka ce "Lah!" Na ɗaga ledar baya na buɗe ramin, suka ce "Ikon Allah!" Na miƙa hannu na zame ƙofar silin, wata har da tafi. Babu maɓoyar da ban nuna musu ba, har ina koya musu yadda ake danna nan a ja can. Bokitaina suna ciki, na tura su can ƙurya, na jera na amarya a gabansu. Iri ɗaya ne sak, ina jin ma wurin mutum ɗaya muka saya.

Za ku ce me ya hana ni sauke nawa kafin a yi lodi. To in sauke su a ina? Za ku ce me ya hana ni cewa na ƙurya nawa ne. Na yi niyya, wallahi. Amma na san Gwaggo, ina faɗa za ta ce me ke ciki, daga nan kuma sai me ya sa kake yawo da tukunya. Sai na ja bakina na yi shiru, na ce a raina ai ni zan sauke kayan da hannuna.

Komai ya shige, har da sauran wuri. Gwaggo ta hau gaba ta zauna kusa da ni, Saudatu na can baya cikin 'yan mata. Muka kama hanya ana waƙa ana guɗa. Da muka yi nisa Gwaggo ta waiwaya ta ga babu wadda ta ɗora ko kwano a cinya, sai ta ce, ba ni take kallo ba, "Ashe dai yaron nan da kai a wuyansa." Ranar ce ta fara yabona. Daɗi ya kama ni har na kusa faɗawa rami da mutane.

Mun isa Dingaya kafin azahar. Ina kashe mota mazan gidan ango suka yo kaina. "Sannu direba, sannu da hanya, bisimilla ga inuwa." Na ce bari in sauke kaya tukuna. Gwaggo ta daka min harara.

"Yaushe namiji ya fara taɓa kayan jere? Ba ka nuna mana ramukan naka ba? Je ka ka ci abinci."

"Gwaggo, dama na can ƙuryar..."

Daidai nan wata ta rangaɗa guɗa a gefen kunnena, sauran suka amsa, wani dattijo ya kama hannuna ya ja. Na tafi ina waige. Na lallashi kaina da cewa za su ɗauki na gaba su bar na baya, ai kowa ya san yawan kayansa. Abin da ban lissafa ba shi ne matan gidan ango ma za su fito taya sauke kaya, kuma su ba su san yawan komai ba, abin da suka sani kawai kada a bar wa amarya ko cokali a mota.

Aka kawo fura da nono mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Na sha na ƙoshi. Muka yi salla. Muna fitowa wani ya ce ai ya ji ni mai gyara ne, injin niƙansa na wani irin kuka, ko zan ɗan saurara masa. Ni kuwa ba a nuna min inji in wuce. Kafin in ɗago kai rana ta karkata.

Na dawo na tarar da motata a buɗe, fes, kamar ranar da aka ƙera ta. Ƙarƙashin kujeru wayam. Ramin baya wayam. Na zura hannu a silin, babu katifa babu gidan sauro. Har aljihun ƙofa sun lalube. Tayar safaya kaɗai suka bar min, ita ma ina jin nauyi ne ya cece ta.

Na tsaya a bakin zaure. Shiga ba dama, gida cike da matan aure. Na kira wayar Saudatu ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Daga ciki kuwa sai shewa ake, alamar an gama jere an kira dangin ango su ga ɗaki. Al'adarsu idan an gama kallo sai a fito da bokitan kayan toye-toye tsakar gida, babbar mace a dangin ango ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, sannan a raba. A gidan nan wannan aikin na Hajiya Ladidi ne, gwaggon ango, mace mai murya kamar lasifika. Abin da ban gani da idona ba daga baya Saudatu ta cike min, amma yawanci ta kan katanga na ji shi.

Bokitin farko cincin. Aka yi guɗa. Na biyu dubulan. Aka yi guɗa. Na uku, Hajiya ta yi bisimilla ta zura hannu tana hira ba ta ko duba ba, ta ɗago da singiletina. Ba sabuwar ba, waccan da ta tashi daga fara ta koma kalar kunun kanwa. Mai guɗa ta riga ta ɗauko numfashi, sai guɗar ta mutu a maƙogwaronta. Hajiya ta sake zura hannu ta fito da gajeren wandona mai faci a mazaunai. (Cikin duk bokitan nan, sai da Allah ya sa ta fara da na kayan wanki.)

Gidan ya yi tsit, har ina jin kukan akuya daga maƙwabta.

"Asabe," in ji Hajiya Ladidi, "wannan wane irin saƙo ne? Nufinku ɗanmu ba shi da sutura sai kun kawo masa tsumma?"

"Tsumma daga ina?" in ji Gwaggo. "Mu da hannunmu muka zuba kayanmu. Sai dai ku tambayi naku da suka taya sauke kaya, wa ya sako mana wannan don a kunyata mu!"

Nan fa gida ya kaure. Wannan na cewa an raina su, waccan na cewa dama tun ranar kai lefe ta ga take-taken. Na ji wata daga cikin namu na cewa a kwance labulen a mai da kaya Sara. Auren mutane na neman lalacewa a kan gajeren wandona, ni kuma ina rakuɓe a zaure ina addu'ar Allah ya sa a yi girgizar ƙasa, ƙarama dai, wadda ba za ta ji wa kowa ciwo ba. Hajiya ta ce a buɗe sauran duka a gani. Aka buɗe. Ga garin kwaki rabin leda. Ga baƙar tukunya, cikinta kofi, cikin kofin safa. Ga risho. Da aka kai kan bokitin da ya fi nauyi, wanda mata biyu suka ɗauko suna cewa lalle wannan nakiya ce, sai ga sifanu da ƙusoshi da tsumman baƙin mai.

Hayaniyar ta tsaya. Sai muryar Gwaggo, a hankali, wadda ta fi faɗan ban tsoro:

"A kira min direban nan."

Na cire takalmi na shiga da sallama, ban ji wanda ya amsa ba. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida an baje rayuwata a kai, mata sun kewaye ta. Na durƙusa. Gwaggo ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Sai ta riƙa ɗaga kayan ɗaya-ɗaya da yatsu biyu.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne, Gwaggo."

"Wannan fa?"

"Shi ma."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Haka muka bi su kaf. Hajiya Ladidi, da ta ga ba raini aka yi musu ba, sai tausayi ya kama ta, ta buɗe min ƙofar fita. "Ɗan nan, ko ƙaura kake yi aka tare ka da aikin biki?" Na buɗe baki zan ce e. Sai na hango Saudatu a bakin ƙofar ɗakin amarya ta zuba min ido, ga kuma wata na fitowa da katifata da aka riga aka tura ƙarƙashin gadon amarya, gidan saurona na jan ƙasa a bayanta. Na ji ƙaryar ta yi min nauyi.

"Ba ƙaura ba ce, Hajiya. A motar nake zaune."

"A ina?"

"A cikin motar."

Wata tsohuwa ce ta fara, wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sai gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Matan da ɗazu suke shirin cin kwalar juna suka dafa kafaɗar juna suna share hawaye. Wata ta ce, "Ashe a gadon bawan Allah muka zauna tun daga Sara!" Wata ta ce shi ya sa ta ji kujerar na warin barci. Hajiya Ladidi ta kama hannun Gwaggo tana ba ta haƙuri, Gwaggo na cewa ba komai, ai shaiɗan ne. (Shaiɗan ɗin yana durƙushe a gabansu.) Saudatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ban sani ba dariya take ko kuka.

Na tattara kayana ina mai da su bokiti, safa cikin kofi, kofi cikin tukunya, mata na kallo suna yaba tsarin. Butar shayina ce kawai ban gani ba. Ashe tana cikin kabad ɗin amarya, an jera ta a tsakiyar kofuna. Masu jere suka ce gaskiya ta zauna da layin, cire ta zai ɓata musu aiki. Na ce na bar wa amarya, Allah ya sanya alheri. Sannan na yi ta jigilar bokitai ta cikin zaure, ta gaban mazan da ɗazu suke ce min sannu direba, yanzu kuma kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran murya.

A hanyar dawowa babu waƙa babu guɗa. Lokaci-lokaci wata takan fashe da dariya a baya, a ce mata ke. Gwaggo na gefena ta zuba wa hanya ido har muka isa Sara. Kowa ya sauka, Saudatu ta wuce ciki ba ta kalle ni ba. Gwaggo ta sauko ta zagayo ta tsaya a bakin ƙofar motar.

"Buɗe min ramukan nan naka kuma."

Na buɗe. Ta bi su da kallo tana nunawa da haɓa. "Nan na tukunya. Nan na sutura. Nan na ƙarafa. Can sama na katifa. Ka iya, ban raina maka ba." Ta juyo ta dube ni. "To nuna min na Saudatu."

Na bi ramukan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ka tanadar mata? Ƙarƙashin kujera, ko silin?"

"Gwaggo, ina gini a Birnin Kudu, saura..."

"Ba rashinka ne ya dame ni ba, ɗan nan. Ni da kake gani a bukka aka kai ni. Amma idan gari ya waye bukkar tana nan inda aka bar ta jiya. Ranar da ka rufa ɗaki ka zo ka ɗauke ni in gani da idona. Kafin nan kada in ƙara jin maganar sa rana."

Dariyar matan Dingaya kunya kawai ta ba ni, wannan maganar kuwa ciwo ta yi min, domin gaskiya ce. Kaka ta zo ta wuce ba a sa rana ba. Saudatu ta daɗe ba ta ɗaukar wayata, da ta ɗauka kuma ta ce ita ba zaman motar ne ya ɓata mata rai ba, a ce tare da matan gari biyu ta ji labarin. Na yi ta ba ta haƙuri.

Ranin nan na yi aiki kamar jaki. Duk injin da ya yi tari tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ni ne a kansa, abin da na samu kuma ya tafi ga bulo da kwanon rufi. Kafin ruwan farko na rufa ɗaki da 'yar rumfa. Na je na ɗauko Gwaggo. Ta shiga ta ƙwanƙwasa bango, ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta fito ta ce wa Malam Sale ya kira mutane. Bayan sallar layya aka ɗaura.

Motar tana nan, da ita nake fita aiki, amma yanzu gida nake kwana. Masu son zama a mota sukan zo in nuna musu yadda ake fitar da wuri, ina kuma nuna musu da zuciya ɗaya. Shawara biyu nake ƙara musu kyauta. Ta farko, kada mutum ya zuba kayan wankinsa a mazubin da ya yi kama da na amarya. Ta biyun ita ce wadda na saya da tsada. Na daɗe ina bin kowane lungu da tef ina neman inda cokali zai shiga, ban taɓa tsayawa na auna ko zaman nawa zai ɗauki mutum biyu ba, sai da wata tsohuwa ta auna min shi, bayan ta gama ɗaga gajeren wandona a gaban jama'a.